Ƙunshin karya sihiri na shagunan Damagaram: abin saye da abin bari

Ƙunshi biyu ake ajiyewa a yawancin shagunan maganin gargajiya na Kasuwar Dole da Zango. Na farko na neman waraka ne, na biyu kuwa ana ce masa "mayar wa mai shi".

Na farkon ya ƙunshi garin magarya, man habbatus sauda, man zaitun, wani lokaci da dabinon ajwa. Asalinsa sananne ne. Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari, sharhinsa na Sahihul Buhari, cewa a samu ɗanyen ganyen magarya 7, a dandaƙa tsakanin duwatsu biyu, a zuba a ruwa, a karanta Ayatul Kursiyyu da surorin da suka fara da Ƙul, irin su Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a kurɓa sau 3, a yi wanka da sauran. To ɗanye aka ce, ga magarya ko'ina a ƙasar nan, don haka busasshen garin da ba a san shekarunsa ba bai cancanci kuɗinka ba. Man habbatus sauda yana lalacewa in ya sha rana cikin gorar roba. Shinshina kafin ka biya, in warin tsohon mai ya taso, bar shi. Ajwa ta gaskiya ƙarama ce, baƙa, mai laushi, kuma ƙwara 7 da safe hadisi ya ambata.

Ƙunshi na biyun ne ke damunmu ƙwarai. Mai shago zai nemi sunan wanda kake zargi da na mahaifiyarsa, wani ya ƙara da ƙasar sawunsa ko gashinsa, sannan ya ba ka laya ka binne. Wannan jifa ne, ko da an kira shi kariya. Masu saye kan tambaya a ɓoye, "Malam, ba zai dawo kaina ba?" Tsoronsu na kan hanya, don alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Sihiri na cikin manyan zunubai 7 masu halakarwa a hadisin Buhari da Muslim, aya ta 43 ta Suratu Faɗir kuma ta ce mugun makirci kan masu shi yake faɗawa. Hatta mabiya addinin Wicca na Ingila da Amurka, masu kiran kansu mayu, da yawansu sun yarda cewa abin da ka aika wa wani zai komo maka ninki 3. Sannan sunan da ake bayarwa zato ne kawai, galibi na kishiya ko uwar miji, sai zumunci ya yanke, ciwo kuma yana nan.

Shago nagari ba ya tambayar sunan kowa, yana faɗa maka abin da za a karanta. In mutum na faɗuwa yana kumfar baki, ko ya daina barci yana sambatu, a fara kai shi babban asibitin Zinder, don farfaɗiya da ciwon ƙwaƙwalwa suna da magani.