Fam 900 na biya lauya kan takardar zaman dindindin a Ingila, ga yadda muka kwashe da ita

Salamu alaikum. Tunda na sauka Gombe sati biyu kenan ba wadda ta shigo yi min sannu da zuwa bata ja ni gefe kan maganar takardar nan ba, musamman ƙawayena nas-nas da muka yi aiki tare a asibitin koyarwa na tarayya kafin in tafi, kowa tambayarta ɗaya, nawa kika kashe, lauyar da kika ɗauka ta yi amfani ko kuɗi kawai ta ci. Toh bakina ya gaji wlh, bari in rubuta sau ɗaya duk wadda ta sake tambaya in tura mata. Sunan lauyar da ofishinsu ba zan faɗa ba dan akwai inda zan yabe su akwai inda zan caccake su.

Ni dai na tafi watan Satumban 2020 da bizar ma'aikatan lafiya. A lokacin in mutum ya cika shekara biyar a kan irin wannan bizar yana iya neman zaman dindindin, can ILR muke ce mata. In ka samu ka huta da sabunta biza, ka fita daga hannun asibitin da ya kawo ka, inda ka ga dama nan zaka yi aiki, bayan wata 12 kuma kana iya neman zama ɗan ƙasa. Kuɗin gwamnati kaɗai sanda na nema a 2025 fam 3,029 ne kan mutum ɗaya, kuma in aka ƙi ka ba a maido maka. Lokacin da na biya ya kama wajen naira miliyan shida. Da na gaya wa yayana Hamma a waya shiru ya yi har na zaci layi ne ya katse, can sai ya ce ke yanzu da fili kika saya a bayan Tumfure ai da an ga abinda aka yi da kuɗin.

Asali ban yi niyyar ɗaukar lauya ba, dan yawancin 'yan Najeriya da muke aiki tare da kansu suka cike fom ɗin a intanet kuma suka samu. Abinda ya kai ni shine maganar kwana 180. Doka ta ce kar ka wuce kwana 180 a wajen ƙasar cikin wata 12, ni kuma duk zatona daga Janairu zuwa Disamba ake lissafi. Baba ya rasu watan Nuwamban 2022, Allah ya jiƙansa, na taho da cikina na wata biyar na yi kwana 36. Na haihu watan Maris ɗin 2023, mahaifiyarmu Dada ta kafe kai da fata sai na dawo gida an min wanka, na ce Dada kafin a yi wa jaririya fasfo da biza ai arba'in ta wuce, ta ce ko shekara ta wuce ruwan zafi bai san lissafi ba. Haka na taho farkon Mayu, aka dinga gasa ni da ruwan darbejiya ana ɗura min kunun kanwa, ina hutun haihuwa ba mai nemana a wajen aiki, daɗin gida ya ɗebe ni sai ƙarshen Satumba na koma, kwana 147. A lissafina 36 na shekarar 2022 ne, 147 na 2023 ne, ba wanda ya kai 180, hankalina kwance.

Sai a 2025 wata 'yar Jos da muke aikin dare tare take ce min ai ba haka ake yi ba, ko wane wata 12 a jere ake dubawa, daga ko ina aka ɗauko. Na ciro waya na haɗa 36 da 147 ya ba ni 183. Wallahi daren nan har na tashi aiki jikina rawa yake, kwana uku kacal zasu ja min asarar shekara biyar? Ga shi a watan Mayun 2025 gwamnatin can ta fitar da shirinta na mayar da wa'adin shekara goma, kowa a ruɗe yake yana son ya shige kafin a rufe ƙofa.

Kafin in wuce, wani ɗan unguwarmu mai shagon kwamfuta ya aika min ta hannun Hamma wai dubu ɗari huɗu zai min komai daga nan Gombe, yana da mutum a ciki. Dan Allah 'yan uwa ku raba kanku da wannan. Fom ɗin nan dole kana cikin Ingila zaka cike shi, kuma a can laifi ne mutum ya dinga ba da shawarar shige da fice in ba lauya bane mai lasisi ko mai rajista da hukumar da ke kula da su. Ni sai da na duba sunan tawa a rajista kafin in tura ko sisi.

Zaman farko ta bidiyo muka yi, minti 40. Ta ce in turo hoton duk shafin fasfo mai hatimi da tikitocin jirgi na shekara biyar, har na Abuja zuwa Lawanti, filin jirgin Gombe, na haɗa mata dan ruɗewa, ta ce wannan ba ruwansu da shi. Ta buɗe jadawali ta dinga shigar da rana-rana ina kallo, sai ta ce min ranar da kika tashi da ranar da kika dawo ba a ƙirga su, cikakken yini a waje shi ake ƙirgawa. Tafiya biyu, kwana huɗu sun fita, saura 179. Na ce ta sake, ta sake, 179. Ban san sanda na yi hamdala da ƙarfi ba har maigida ya leƙo daga kicin. Bata tsaya nan ba, ta ce tunda tazarar kwana ɗaya ce gara mu yi shirin ko ta kwana, dan dokar ta yi rangwame ga tafiyar da aka yi saboda rasuwar makusanci ko ciwo mai barazana ga rai, sai ta sa Hamma ya karɓo takardar shaidar rasuwar Baba a hukumar ƙidaya, ta rubuta wasiƙa shafi biyu ta jera tafiye-tafiyen da dalilinsu. Wannan aikin kam ko ni da bakin tsiyata ba abinda zan ce, ta iya.

Abu na biyu da ta min wanda ya maido min kuɗina har da riba shine maganar yarinya. Ni na riga na ware wani fam 3,029 ɗin nata. Ta ce tunda a Ingila aka haife ta kuma bizarta da saura, ba sai na saka ta ba, da zarar na samu nawa ana iya mata rajistar zama 'yar ƙasa kai tsaye, kuɗin kuma dubu ɗaya da 'yan kai ne. Ba wanda ya taɓa gaya min wannan a duk zaurukan WhatsApp ɗin da nake ciki. Shi maigida daga baya ya biyo ni, shekarunsa basu cika ba, nashi sai gaba.

Yanzu inda suka ɓata min rai. Tunda na tura kuɗin matar nan ta zama kamar watan azumi ranar hadari, ba a ganinta. Sai ta haɗa ni da wani yaro a ofishinsu wanda da alama bai daɗe da fara aiki ba, in ka tura imel yau Litinin sai Alhamis ya amsa, amsar ma layi ɗaya. Sau uku yana tambayata takardar albashi da na riga na tura. Da ya cike fom ya turo in duba, ya juya min suna, sunan Baba ya zama nawa nawa ya zama na Baba, wajen garin haihuwa kuma ya rubuta Gambiya maimakon Gombe, wai kwamfuta ce ta gyara masa. Da ban bi layi-layi ba haka zai tura. Wasiƙar wajen aiki wadda zata nuna har yanzu suna buƙatata kuma ga albashin da suke biyana, ni na dinga safa da marwa a kanta tsakanin aikin dare da reno, su ko samfurin yadda ake rubutawa sai da na roƙa sau biyu. Sannan a ƙarshe suka turo wani ƙarin fam 60 wai na ɗora takardu a intanet, abinda ba a faɗa min tun farko ba. Na biya dan ba lokacin rigima bane amma har yau yana min ciwo fiye da 900 ɗin.

Jarabawar sanin rayuwar Birtaniya kuwa ba ruwan lauya, kai da kanka ne. Fam 50, tambaya 24, minti 45, sai ka ci 18. Tarihin sarakunansu ne da majalisa da bukukuwa, ni da ko jerin sarakunan Gombe ban haddace ba sai ga ni ina bitar matan sarki Henri na takwas su shida a cikin bas. Sati uku na yi ina gwaji a waya, minti goma na fito.

Sai maganar biki. An sa ranar ƙanwata farkon Satumba, ni kuma doka ta ba ni damar tura fom kwana 28 kafin cikar shekara biyar, wato cikin Agusta. A raina in tura in taho biki in koma in jira amsa, har na fara duba tikiti. Allah ya sa na ambata wa yaron nan a imel, ranar kam ita da kanta ta kira ni ko awa ba a yi ba, ta ce kar ki kuskura, in kika taho Najeriya kafin a yanke hukunci an ɗauka kin janye neman, kuma hanyar da aka saba tana iya kai wata shida. Na kira gida na faɗa, amarya ta fashe da kuka wai Adda yanzu babu Baba ke ma babu, Dada kuma ta ce ita bata san wata takarda da ta fi ɗaurin aure ba. Mafita ɗaya ce, akwai na gaggawa, fam 500 amsa cikin kwanakin aiki biyar, ko fam 1,000 amsa washegarin ranar da aka ɗauki hoton yatsu. Na rufe ido na biya dubun, kuɗin gudummawar da na tara wa amarya kenan ya tafi. Talata na je aka ɗauki yatsu da hoto, Laraba da la'asar ina shanya kayan yarinya imel ya shigo.

In maki zan basu, uku da rabi cikin biyar, ita lauyar biyar, ofishinta biyu. Wadda bata yi doguwar tafiya ba, bata canza wajen aiki ta bar giɓi ba, bata da wata matsala da 'yan sanda, wlh ta riƙe kuɗinta ta zauna ta karanta shafin gwamnati a nitse ta cike da kanta, tambayoyin ba masu wuya bane yawa ne dasu. Wadda kuma ta yi irin nawa, ta zo gida jego ko jinya ta daɗe, ta nemi lauya amma ta tambaya ko suna yin zaman shawara na awa ɗaya kaɗai, dan duk abinda ya amfane ni a zaman farko aka faɗe shi banda maganar tafiyar biki, da na sani da shi kaɗai na biya na ƙarasa sauran da hannuna. Kuma tun yau ku buɗe littafi kuna rubuta ranar fita da ranar shiga, da 'yan tikitocinku, kar ku goge imel ɗin kamfanin jirgi.

Jiya bayan an watse da 'yan kai amarya Dada ta ce in ɗauko mata takardar da aka kashe wa miliyoyi ta gani da idonta. Na ce Dada ai yanzu basa ba da kati, tun ƙarshen 2024 aka koma na intanet, na buɗe waya na nuna mata hotona da rubutu a ƙasa. Ta karɓa ta juya bayan wayar ta duba, ta miƙo min ta ce shikenan? Na ce shikenan. Ta ce toh tunda yanzu ba mai ƙirga miki kwana sai ki zauna ki sha iska. Na ce ana ƙirgawa mana, in na wuce shekara biyu a waje takardar ta mutu. Ta ce shekara biyu ai da sauƙi, a ɗora ruwa gobe da asuba dan wancan wankan bai gama shiga jikina ba.