Yoyon gaskit a ƙasan akwatin iskar injin Magnum: wane gyara ya cancanci kuɗinka?

Motocin Dodge Ram da Dakota da Durango, da wasu Jeep Grand Cherokee, masu injin Magnum mai lita 3.9 ko 5.2 ko 5.9, waɗanda aka ƙera tsakanin 1992 da 2003, suna da wani rauni da makanikai suka daɗe da sani. Akwatin da ke raba iska zuwa silinda, wato manifol, da alminiyon aka yi shi, amma farantin da ya rufe ƙasansa na ƙarfe ne siriri. Da yake alminiyon yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ɗauki zafi, kowace tafiya sai ɓangarorin biyu su riƙa gugar gaskit ɗin da ke tsakaninsu, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, har ya tsage. Daga nan injin ya fara zuƙo baƙin mai daga ƙasa yana ƙona shi tare da fetur.

Kada a fitar da kuɗi kafin a tabbatar da cutar. A kashe injin, a cire murfin matatar iska, a buɗe bakin totur, a haska ciki da tocila. Idan aka ga mai ya taru a ƙasan akwatin, ga mota tana shan baƙin mai ba tare da ɗiga a ƙasa ba, ga ƙwanƙwasa idan ana hawan tudu, ga fulogi suna yawan yin baƙi, to an kama ɓarawo. Jinkiri kuwa yana da tsada, domin man da ke ƙonewa yana toshe tukunyar tace hayaƙi ta salansa, yana kuma lalata na'urar auna iskar oksijin.

Zaɓi mafi araha shi ne a sayi sabon gaskit kawai, kamar na kamfanin Fel-Pro, a mayar da tsohon farantin. Yana aiki, amma tushen matsalar yana nan, kuma abin da ke damuna shi ne wahalar aikin duk ɗaya ce: sai an zubar da ruwan lagireto, an ɗage janareton caji da kwamfresan esi, an cire manifol ɗin gaba ɗaya. Wanda ya yi wannan aikin na yini guda don ya sake yin sa bayan wasu shekaru bai yi tattali ba.

Shi ya sa nake fifita farantin alminiyon mai kaurin kusan milimita 6, irin wanda kamfanin Hughes Engines ke sayarwa tare da gaskit da kusoshinsa. Da yake shi da manifol ɗin jinsi ɗaya ne, tare suke miƙewa, tare suke komawa, kaurinsa kuma yana hana shi lanƙwasa tsakanin kusa da kusa. Mai saye ya duba ko kunshin yana ɗauke da sababbin kusoshin ɗaure manifol, domin tsofaffin sukan yi tsatsa su karye, ya kuma tabbatar farantin na injinsa ne, tunda na silinda shida ya fi na silinda takwas gajarta. Ɗaurin ma sai da sifana mai auna ƙarfi, mataki-mataki bisa jerin da littafin motar ya tsara, domin ɗauri da ka yana iya murƙushe sabon gaskit tun ranar farko.

Akwai kuma sauya manifol ɗin dungurungum da wanda aka zuba a dunƙule, marar faranti. Wannan ya kawar da yoyon har abada, sai dai ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, kuma irinsa yakan mayar da ƙarfin injin zuwa gudu mai yawa, ya rage ƙarfin tashi da kaya. Ga motar da aikinta ja da ɗauka ne, ban ga ribarsa ba.

Kowanne aka zaɓa, a haɗa da sabon tamostat, wato na'urar daidaita zafin injin, da ɗan gajeren tiyon ruwan da ke ɓoye tsakanin famfon ruwa da manifol, domin ba a kai gare shi sai an kwance gaban injin. Bayan an gama a sauya baƙin mai da fulogi kafin a fita titi.