Gidan Makama: yaro na raka, ni na kasa fitowa

Gaskiya ba da son raina na je ba. Yarona aka ba aikin gida a makaranta kan Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi sati guda yana Baba mu je Baba mu je, ranar Asabar dai na ce to tashi. Shekara da shekaru ina wuce gidan tarihin nan na Kano in na bi ta Ƙofar Kudu ta gidan sarki, ban taɓa leƙawa ba, a zatona tsofaffin hotuna ne kawai da ƙura.

Muna sa ƙafa a zaure na ji wani irin sanyi, alhali a waje ana zabga ranar Afrilu, har sai da na ɗaga kai ina neman fanka, ashe kaurin bangon ƙasa ne da rufin azara ke wannan aikin. Mai zagayawa da mu, Allah ya saka masa, bai yi mana gaggawa ba. Ya ce a ƙarni na 15 aka gina wa Rumfa gidan yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463 ya gina Gidan Rumfa can tsallake. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka mai da shi ofis, daga baya wani sashe ya zama makaranta, sannan aka gyara wannan ɓangaren ya koma gidan tarihi.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne ƙyauren Ƙofar Kabuga. Ta ƙofar nan sojan Turawa suka shigo birni lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, labarin da tun muna yara muke ji a bakin kakanni, yau ga ƙyauren a gabana, kuma yana ajiye a gidan da su Turawan suka zauna suna mulki. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Yaron ya ce Baba me ya sa ba a kulle sosai ba, na rasa amsar da zan ba shi, sai mai zagayawar ya ce ai an kulle ɗana, igwa suka zo da ita.

To a nan ne fa raina ya ɓaci. Wasu samari suka shigo da waya suna ɗaukar bidiyo, kiɗa na tashi, ɗaya har da jingina da ƙyauren yana gyara hula, an yi musu magana sau biyu kafin su matsa, kuma ko tambayar mene ne wannan ba wanda ya yi a cikinsu. Sun lalata min sauran zagayen, ɗakin amarya da kayan kiɗa da na hawan daba duk a gurguje muka wuce ina ta tafasa.

Duk da haka ku je, ku kai yaranku, amma kar ku je Asabar da rana. Ni Talata da safe zan koma ni kaɗai, ban gama da ƙyauren nan ba.