Na'urar awon jini da na saya wa Inna

A wani kemis kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato na same ta, mai ɗamara a dantse. Lambobinta manya-manya, Inna na karantawa ba tabarau. Bayan sallar asuba ta huta minti 5, ta danna, shi ke nan.

Na'urar ce ta tona cewa jinin Inna na haura 140/90 kullum, wato awon da daga shi ake cewa mutum na da hawan jini. Likita ya ƙara mata maganin hawan jini mai suna amlodipine, ya ce binciken CREOLE na 2019, da aka yi a Afirka har da Najeriya, ya nuna haɗin magungunan da ke ɗauke da shi ya fi wanda babu shi saukar da hawan jinin baƙar fata.

Aibinta ɗaya, ɗamarar ƙarama ce. Mai jiki ya nemi babba, in ba haka ba awon zai hau ya tsorata shi a banza.