Robar gindin bindiga ta raba ni da ciwon kafaɗa, bututun zaiba ya raba ni da gada

Shekara 19 ke nan ina fita daji da bindigar da na gada a wurin mahaifina, mai baki ɗaya, lamba 12 (wato girman bakinta), duk shekara kuma ina sabunta takardarta a wurin 'yan sanda. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai dai shuri. Nauyinta bai kai kilo 3 ba, kuma kowane maharbi ya san mara nauyin ita ce mai mugun shuri. Gindinta faranti ne mai tauri. In na yi harbi biyar a fita ɗaya, washegari kafaɗar dama ta yi baƙi ƙirin, ɗaga hannu in yi kabbara ma sai na cije. Abin da ya fi damuna shi ne na fara runtse ido tun kafin in ja kunama, harbina ya lalace.

Ɗan ƙanena da ke Amurka ne ya ga kafaɗar a waya, ya ce: "Baffa, wannan ai akwai maganinsa." Ya sako mini abu biyu cikin durom ɗin kayan da ya aiko ta tashar jirgin ruwa ta Tema a nan Gana: roba mai laushi, kaurin inci 1, da ake ɗaurawa a gindin bindiga, da wani bututun ƙarfe a rufe ruf mai giram 340, cikinsa zaiba, irin wadda 'yan galamse, masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, ke kama zinariya da ita. Ya ce masu harbin ɓauna a Tanzaniya da Afirka ta Kudu suna sa shi don rage shuri a manyan bindigoginsu, irin su .375 H&H da aka fara ƙerawa a Ingila tun 1912. Wani kafinta a nan unguwar Aboabo ta Kumasi ya ɗaura mini robar, ya zura bututun cikin ramin ƙotar.

Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a Gana, gyazbi kaɗai ake bari, wanda Asantawa ke kira akrantie, shi ma sai da lasisi. Na haƙura har aka buɗe, sannan muka nufi wajen Ejura ni da abokin farautata.

Harbin farko ba zan manta da shi ba. Gyazbi ne a bakin gonar masara, wajen ƙarfe shida na safe, raɓa ba ta bushe ba. Na yi bisimilla, na dafe kafaɗa ina jiran dukan da na saba, na ja. Ƙarar ta fita yadda take, amma a kafaɗata sai na ji kamar mutum ya sa tafin hannu ya tura ni. Wallahi na ɗauka harsashin ne ya sha sanyi. Na karya bindigar, na zaro kwankon na shinshina, na leƙa cikin baki. Abokina ya riga ya isa da wuƙa, ya ɗago kai ya ce: "Alhaji, me kake dubawa? Ga namanka nan." Ran nan harbi bakwai na yi. Da na dawo gida na tuɓe riga gaban madubi, ko ja babu. Na kira yaron na sa masa albarka har muryata ta rawa, domin na riga na fara tunanin jingine bindigar mahaifina.

Ƙarfin harsashin yana nan yadda yake. Robar dai tana lotsawa, sai dukan ya bazu a faɗin kafaɗa, ya iso a hankali maimakon lokaci guda. Nauyin bututun kuma yana rage gudun da bindigar ke dawowa baya da shi.

To amma a fita ta uku bututun ya ɓata mini rai. Wanda ya sayar da shi bai haɗo da komai na matse shi ba, ko 'yar takardar bayani babu, kafinta ya naɗe shi da tsumma kawai. Girgizar babur a hanyar daji ta kwance shi ban sani ba. Na fi minti 20 ina raɓe a bayan kututture ina jiran wata gada ta fito fili. Da ta fito, ina ɗaga bindiga sai ga "ƙwal" daga cikin ƙotar. Ta ɗaga kunne, tsalle biyu ta shige duhuwa. Har yau in na bi ta kasuwar nama ta Atwemonom na ga gada a shimfiɗe, sai raina ya sosu.

Da na zauna na yi tunani sai sauran laifuffukan suka dawo mini. Nauyin duk ya koma baya, bakin bindigar ya zama sakayau, ba ya tsayawa a kan abin harbi kamar da. Wuni guda a rataye, igiyar na cin wuya. Ita ma robar ba ta kuɓuta ba: ta ƙara wa ƙotar tsawo, yatsana da ƙyar yake kai kunama, sai da kafinta ya yanke inci 1 daga katakon da hannun mahaifina ya goge, abin da ya yi mini ciwo sosai. Tana kuma kama riga in ka ɗaga da sauri, musamman in rana ta buɗe ta yi danƙo.

Na cire bututun na gwada da robar kaɗai. Shurin ya ɗan ƙaru, amma kafaɗa ba ta yi baƙi ba. A ganina yawancin aikin bututun nauyinsa ne, curin darma mai nauyi daidai da nasa zai yi kusan haka, kuma darma ba ta kuɗin zaiba. Mai .375 yana iya buƙatarsa, mu masu lamba 12 roba ta ishe mu. Bututun yana cikin akwati a kulle saboda yara, zaiba guba ce. Robar kuwa na ce wa yaron ya ƙaro mini biyu, ɗaya ta abokina.