Wa Za Ka Kira Ya Auna Maka Fili a Zariya?

Duk wanda ya taɓa neman fili a bayan Dakace, ko hanyar Basawa, ko can wajen Shika da Bomo, ya san yadda ake yi. Dillali zai goyo ka a babur, ku tsaya a tsakiyar gonar da ba a daɗe da cire masara ba, ya nuna maka wani kara da aka ɗaura wa leda, ya ce daga nan zuwa gindin waccan darbejiyar duk naka ne, ƙafa 50 da 100 cif. Kai kuwa zuciyarka ta riga ta fara shata ɗaki da falo. To a daidai wannan lokacin ake bukatar safiyo, wato ƙwararren mai awon ƙasa, tun kuɗi ba su bar aljihu ba. Amma yawancinmu ba ma tunawa da shi sai rigima ta tashi da maƙwabci. Ni ma haka ta same ni, kuma sai da ta ci mini katanga guda.

Tun farko a bambance aiki da aiki, domin mutane kan haɗa su a kwano ɗaya. Akwai mai ƙiyasta yawan siminti da rodi da kuɗin gini, akwai mai ƙiyasta darajar gida idan za a sayar ko a ba da jingina, sannan akwai safiyon ƙasa, wanda aikinsa shi ne ya faɗa maka inda filinka ya fara, inda ya ƙare, da girmansa a takarda. Kowannensu da hukumar da ke yi masa rajista. Na ƙarshen nan nake magana a kai.

Birkila da tef ɗinsa shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne wanda aka fi kira. Ya iya ja maka igiyar fandisho, amma bai da hurumin ce maka ga iyakarka. Yaran da ke zuwa da waya suna latsa taswira su ba ka lambobin da ke nuna mazaunin filin kuwa, kada ma ka ɓata lokacinka: wayar hannu takan kuskure da mita uku zuwa biyar ko fiye, alhali faɗin fulotin gaba ɗaya mita 15.24 ne. Manyan kamfanonin da ke tahowa daga Kaduna ko Abuja da jirgi maras matuƙi suna da aikinsu, idan gona ce mai kadada ɗari ko rukunin gidaje. Ga mai fuloti ɗaya ko biyu, kuɗin man motarsu kaɗai ya isa ya hana shi barci.

Wanda nake so ka nema shi ne safiyo mai rajista da ke aiki a nan kusa, mai ofishin da za ka iya zuwa ka ƙwanƙwasa, wanda kai ne ka kira shi, kai ne za ka biya shi, kuma da ƙafarsa zai taka filin. Rajistar nan ba ado ba ce. Hukumar SURCON, wadda aka kafa da doka mai lamba 44 ta shekarar 1989, ita ce ke tantance wanda ya cancanci ya sa hannu da hatimi a taswirar fili a Najeriya. Gama digiri ko difloma kaɗai ba ya ba mutum wannan izinin, sai ya yi aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, ya ci jarrabawar hukumar, an ba shi lamba. Idan ya yi ha'inci akwai inda za a kai ƙararsa, akwai abin da zai rasa. Zariya kuma ba ta talaucin irin waɗannan mutane. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana koyar da awon ƙasa a Samaru, haka ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma tsohuwar makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo. Ƙungiyarsu ta ƙasa ma tun 1934 take, ta girmi 'yancin kan Najeriya. Babu hujjar a ce an rasa ƙwararre sai ɗan kama-wuri-zauna.

Na san darajar irin wannan mutum ne ranar da ya zo auna filin maƙwabcina, ba nawa ba. Shekara shida da suka wuce na sayi fuloti a wata sabuwar unguwa da ke gefen hanyar Jos. Dillalin ya ce kada in wahalar da kaina, ai suna da safiyonsu wanda ya yanka gonar baki ɗaya. Aka miƙo mini takarda mai kyau, da jan layi zagaye da filin, da hatimi a ƙasa. Ga turakun siminti huɗu a kusurwoyi. Na biya, na zagaye da katanga, hankalina kwance. Bayan shekara biyu mai filin kudu da ni ya tashi gini, ya zo da nasa safiyon, wani dattijo mai hular rana da yaro ɗaya riƙe da sanda.

Ina tsaye na ga yadda ya yi. Bai fara da filin ba sam. Sai da ya nemi wani tsohon turke da ya amince da lambobinsa, ya kafa na'ura mai ƙafa uku a kai, ya zauna yana jira har ta gama kama tauraron ɗan'adam. Sannan yaron ya ɗauki ɗaya na'urar a kan sanda yana bin kusurwa-kusurwa. Da suka zo turkena na kudu maso gabas, dattijon ya duba allon hannunsa, ya sake dubawa, sai ya durƙusa ya sa a tona gefen simintin da fartanya. Ya damƙo ƙasar ya murza, ya nuna mini: ta kusa da turken sako-sako ce, ba ta kama jikinta kamar ta gefe ba. Ya taka wajen taku biyu zuwa arewa, ya sa aka kankare, sai ga gurbin tsohon rami da ɓarɓashin siminti a ciki. Ya ɗago ya ce, "Malam, ba kai ka yi ba, na sani. Amma wannan dutsen an tashe shi daga mazauninsa."

Mita ɗaya da ɗigo takwas katangata ta shiga haƙƙin bawan Allah, tun daga gaba har baya. Abin da ya faru shi ne mai gonar ya matse layin ne don ya fitar da ƙarin fuloti ɗaya, aka riƙa tura turaku kaɗan-kaɗan, har hanyar da ke gabanmu ma an ci gefenta. Muka zauna gaban mai unguwa, aka yi sulhu cikin mutunci, amma gaskiya ba ta da ƙawa: na rushe katanga mai tsawon mita 30, bulo wajen 600, ban da yashi da siminti da kuɗin aiki. Da na bi sawun mai hatimin da ke kan takardata, ya rantse mini bai taɓa taka unguwar ba. Wani ne ya kai masa zane ya buga, ko kuma an kwaikwayi hatimin, har yau kowa da abin da yake faɗa.

Shi ya sa tambayata ta farko ga duk safiyon da za a kawo mini ba ta kuɗi ba ce. Nakan ce, ranka ya daɗe, kai za ka zo da kanka ko aike za ka yi? Ba laifi ba ne yaransa su riƙe sanda, ko ƙwararren ma'aikacinsa ya ɗauki awon, haka aikin yake. Amma wanda zai sa hannu dole ya san filin, ya yarda ya tsaya gaban mai unguwa ko alƙali ya ce ni na auna. Idan ya fara kwana-kwana a nan, ka yi masa godiya ka kama gabanka. Ta biyu, ka nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa, ka tabbatar da su wajen hukumar ko reshen ƙungiyarsu na jiha. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, shi ma 'yan bogin sun ishe shi.

Takardar da zai ba ka ma ka karanta ta, kada ka ninke ka sa a ƙasan akwati. Ya kamata ka ga sunanka daidai, sunan unguwa da ƙaramar hukuma (a lura, Zariya daban, Sabon Gari daban, Shika kuma a Giwa take), lambar kowane turke, tsawon kowane gefe a mita da inda ya fuskanta, kibiyar arewa, ma'aunin zanen, kwanan wata, sa hannu da hatimi. Ka duba jimillar girman. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne idan an cike, mai ƙafa 100 da 100 kuma 929. Idan an sayar maka da cikakken fuloti ka ga 410 a takarda, to ka san akwai abin tambaya. Sannan ka ce ya rubuta tsarin da ya bi wajen fitar da lambobin. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka gina su, na'urorin zamani kuwa da ma'aunin duniya suke tashi, kuma tsakanin biyun akwai tazarar mita masu yawa. Wanda bai san juya ɗaya zuwa ɗaya ba zai iya ɗora filinka a takarda a kan gidan wani, ko a tsakiyar titi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin dabarun macuta sun fi ƙarfin lissafi. Akwai mai zama a shagon kwamfuta ya ɗauki tsohuwar taswirar wani, ya goge suna ya sa naka. Akwai mai zuwa da riga mai ƙyalli da na'ura mai ƙafa uku da ya aro, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can don ka ga ana aiki, alhali ko batir babu a ciki. Akwai mai dasa turaku marasa lamba, waɗanda kowane yaro zai iya tugewa da daddare ya matsar. Akwai wanda zai ce maka ai ya san mutane a ofis, ka ba shi kuɗin awo da na takardar mallaka a dunƙule, daga nan wayarsa ta daina shiga. Mafi haɗari a cikinsu shi ne safiyon dillali, domin shi sau da yawa ya iya aikin, amma la'adarsa tana rataye ne da cinikin ya faɗa. Wanda abincinsa ke cikin sayar da filin ba zai ce maka filin na da matsala ba.

Kuma matsalar ba ta tsaya a kan taku biyu na maƙwabci ba. Zariya gari ne da hukumomi ke da filaye masu faɗi: jami'a, barikokin soja, kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, hukumar jirgin ƙasa. Yawancin iyakokinsu ba katanga, sai a taswira. Mutanen garin nan ba su manta da rusau ɗin unguwar Graceland na 2021 ba, inda taƙaddamar ta kasance a kan filin da aka ce na kwalejin jiragen sama ne. Ga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ga gefen babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, ga bakin Kubanni da Galma, duk akwai tazarar da doka ta hana gini a cikinta. Dillali zai ce maka ai kowa ya gina. Safiyo na gari zai ɗauki lambobin filin a kai su KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kaduna tun 2015, a duba ko wurin yana cikin filin gwamnati, ko an riga an ba wani takarda a kansa. Wannan binciken shi ne rabin amfanin kuɗin da ka biya.

A kuma sani cewa taswirar safiyo ba ita ce mallaka ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, daga gwamnati take fitowa. Takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da muhimmanci, amma ba ta maye gurbinta. Izinin gini kuma na KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Duk wanda ya ce maka takardarsa ɗaya ta wadatar da waɗannan duka, yaudararka yake yi. Idan filin gado ne, ka tabbata magada sun hallara ranar awo, har matan cikinsu ko wakilansu, domin sau da yawa daga nan ƙura ke tashi bayan shekaru.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Nisan wuri, girman fili, yawan kusurwoyi, da ko sai an sare daji, su ke ɗaga farashi ko su sauke shi. Ka tambayi mutum biyu ko uku masu rajista, ka ce kowa ya rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: turaku nawa, kwafi nawa, da binciken ofis ko babu. Wanda ya faɗi rabin abin da sauran suka faɗa, akwai abin da ya cire bai gaya maka ba, araha kuwa ba ta ado. Ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi rasit, cikon sai takarda ta zo hannu.

Idan gini za ka tayar, kada ka sallame shi daga awon iyaka. Ka ce ya ɗauki tudu da kwarin filin, ya nuna wa mai zanen gida inda ruwa ke gangarawa, musamman a unguwannin da suka kusanci fadama, inda ruwan Agusta ke kwana a tsakar gida idan an yi daɓe ƙasa da titi. Ranar da za a ja igiyar fandisho ma ya dawo ya kafa wa birkila kusurwoyin ginin. Ni da na tashi mayar da katangata, dattijon nan na kira. Ya sa aka aika wa maƙwabta uku da wakilin mai unguwa, aka zuba sababbin turaku masu lamba a gaban idonsu, kowa ya ɗauki hoto da wayarsa, sannan aka aza bulon farko.