Darasin jita a kan memori: abin da ya buɗe min, da inda ya gaza

Darasin da zan yi sharhi a kai na wani malamin jita ne da ke birnin Kano, yana sayar da shi a kan memori. Bidiyoyi ne da Hausa, da takardar sitika da ake liƙawa a wuyan jita, sai damar tura masa saƙon murya ta WhatsApp ya saurari kiɗanka ya gyara maka. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda zan yaba, akwai inda zan kushe, kuma ba talla aka ba ni ba. Ni mazaunin wani ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari, noman gero da riɗi nake yi, ranar kasuwa kuma in taɓa gyaran waya. Jitata ta hannu ce mai tsirkiyar nailan, a Sabon Gari na saye ta.

Kafin memorin ya zo hannuna na iya 'yan kod ɗin da kowa ke farawa da su, wato sautukan da ake haɗawa a kaɗa tare, amma yatsuna ba su taɓa wuce gaɓa ta uku ba, gaɓa kuwa ita ce tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan jita. Daga nan har zuwa cikin jitar duhu ne a wurina. Tsirkiya 6 ce, gaɓa 12 kafin sauti ya zagayo, wuri 72 ke nan da yatsa zai iya sauka, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce min sai dai hadda.

Dabarar sa darasin a memori ita ce abin yabo na farko, kuma mutumin birni ba zai gane girmanta ba. A nan sabis sai ka fita bayan gari ka ɗaga waya sama, bidiyon minti goma ya yi ta juyawa yana shan data. Da memori kuwa, in ka yi caji a shagon mai sola shi ke nan, ka koma ɗaki ka maimaita wuri ɗaya har ka gaji.

Darasin farko bai ce ka yi kiɗa ba. Cewa ya yi ka aro tef ɗin tela ka auna tsirkiya daga ɗan ƙashin da ke kan wuya zuwa wanda ke kan cikin jitar. Tawa santimita 65 ce. Sai ya ce ka auna inda ƙarfen gaɓa ta 12 yake. Santimita 32 da rabi, tsakiya daidai. Daga nan ya yi bayanin da ban taɓa jin wani ya yi da Hausa ba: rabin tsirkiya yana karkarwa ninkin saurin cikakkiyarta. Tsirkiya ta biyar, wato mai sautin da ake kira A, tana kaiwa da komowa sau 110 a daƙiƙa ɗaya, in ka danne ta a gaɓa ta 12 sai ta koma 220, kunne kuma ya ji sauti ɗaya ne, muryar ce kawai ta sirance. Shi ya sa aka sa ɗigo biyu a wurin, kuma duk abin da ke bayan ta 12 maimaici ne na abin da ya gabata. Gaɓa ta 7 tana barin kusan kashi biyu cikin uku na tsirkiyar, ta 5 kuma kusan kashi uku cikin huɗu. Har dalilin da ya sa gaɓoɓin suke ƙara matsewa ya faɗa: kowace gaɓa tana yanke kusan kashi ɗaya cikin 18 na tsawon da ya rage, to tunda ragowar raguwa take yi, dole yankan ya ƙanƙance. Na zauna da tef ina gwadawa, duk ya fito haka. Wannan darasin kaɗai ya cire min tsoron wuyan jita, don na ga ashe da lissafi aka dasa ƙarafan nan.

Zuciyar darasin dai ita ce tazara. Malamin ya nace cewa sunan sauti ba shi ne kiɗa ba, nisan da ke tsakanin sauti biyu shi ne kunne yake ganewa. Kamar mai shuka ne, ba ya ba kowane rami suna, takunsa ya sani, ko wace gona aka kai shi zai jera. Sai ya koyar da tazarar a matsayin siffar hannu. Ka sa yatsa a tsirkiya ta shida, mai kaurin nan ta sama, a gaɓa ta 3, G ke nan. Ka sauko tsirkiya ɗaya zuwa ta biyar a gaɓar da kake, ka sami na huɗunsa, wato sauti na huɗu in ka ƙirga do-re-mi daga G. Ka ƙara gaɓa biyu gaba a kan ta biyar ɗin, ka sami na biyar, wanda shi ne babban abokin tushe, wato sautin da ka faro daga kansa. Ka tsallake tsirkiya ɗaya ka je ta huɗu a gaɓa ta 5, G ɗin ne ya dawo da siririyar murya. Na uku kuma iri biyu ne, nisan gaɓa huɗu daga tushe shi ne mai fara'a da ake ce wa mejo, nisan gaɓa uku shi ne mai sanyin jiki da ake ce wa maina. Gaɓa ɗaya tal ce tsakanin kiɗan murna da na kewa, kuma ranar da na matsar da yatsa ɗaya na ji kod ya canza fuska, na daɗe ina yin gaba da baya a wurin kamar wanda ba shi da aikin yi.

Daɗin abin shi ne siffar ba ta canzawa. In ka ɗauke hannunka daga gaɓa ta 3 ka kai ta 8, sunaye duk sun canza amma dangantakar tana nan. Wuri 72 ɗin nan sai suka koma sauti 12 da 'yan siffofin da ba su cika tafin hannu ba.

Sai tsirkiya ta biyu, B, wadda take ɓata wa kowa lissafi. Daga mai kauri zuwa siririya saitin jita E, A, D, G, B, E ne. Tsakanin kowace da mai bi mata nisan gaɓa biyar ne, ban da tsakanin G da B, nan huɗu ne. Saboda haka duk siffar da ta tsallaka wannan iyakar sai an tura yatsa gaɓa ɗaya gaba. G ɗin da ke tsirkiya ta huɗu a gaɓa ta 5, in kana neman ninkinsa a ta biyu, a ta 8 yake, ba a ta 7 ba. Malamin ya ware wa wannan bidiyo guda, kuma ya yi daidai. An yi saitin haka ne don yatsu huɗu su iya kama kod ba tare da sun tsage ba, kuma ta farko da ta shida su zama sauti ɗaya.

Sitikar nan kuwa, shawarata kada ka liƙa. Kowace gaɓa da harafinta da launinta, tana da kyan gani a hoto. Amma mai kiɗa a bayan wuyan jita yake, sai ya karkato da ita ko ya sunkuya kafin ya karanta, zama ya lalace, wuyan hannu ya yi ciwo. Mafi muni, ido ne yake karɓe aikin. An ce gani ya kori ji, to a nan da gaske ganin ne yake korar jin, sai ka tsinci kanka kana farautar harafi ja alhali ba ka saurari abin da ya fito ba. Kuma da zafin bazara ya kama, gam ɗin ya narke, gefen takardar ya naɗe yana taɓa tsirkiya tana zuza. Na ɓare su, na sha wahalar goge danƙon. Abin mamaki shi ne mutumin da ya ce suna ba shi ne kiɗa ba, shi ne ya haɗa ka da takardar sunaye. Ina jin kasuwa ce ta sa, mai saye yana son ya ga an ba shi abin riƙewa.

Babban saɓanina da shi a kan jerin darussan ne. Bayan tazara sai ya shiga tsani mai hawa bakwai, do-re-mi ɗin da aka sani, da ƙa'idarsa ta gaɓa 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Bayanin daidai ne, har ya nuna cewa tsakanin E da F, da tsakanin B da C, babu wani sauti. Amma ya ja shi da tsawo, siffa bayan siffa, kuma duk lokacin ina jin kamar aikin makaranta nake yi. Yatsu suna hawa suna sauka, babu abin da ya yi kama da kiɗan da na tashi ina ji. A nan ne nake zaton mutane da yawa za su ajiye jitar.

Can wajen ƙarshen memorin ya sa tsani mai hawa biyar, a gurguje, kamar gyara bayan ciniki. Ka fara daga A a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta shida: 5 da 8, sai 5 da 7 a tsirkiyoyi uku masu bi, sai 5 da 8 a biyun ƙarshe. Sautukan A, C, D, E, G ne, takunsu 3, 2, 2, 3, 2, in ka haɗa 12 cif. Babu nisan gaɓa ɗaya ko guda a ciki, shi ya sa duk inda ka faɗa ba ya karo da ɗan'uwansa. Hawan farko da na yi, tun ban kai tsirkiya ta uku ba na ji tsigar jikina ta tashi. Mu da muke bakin iyaka, kiɗan jitar Agadez ba baƙo ba ne a kunnenmu, ranar Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ji shi yana tashi daga wayoyin 'yan Nijar da shagunan masu tura waƙa. Na kunna ɗaya daga cikin irin waɗannan, na lalubi tushensa a tsirkiya ta shida, na ɗora siffar a wurin, sai ga ni ina bin mai kiɗan. Ba da saurinsa ba, ba da gwanintarsa ba, amma yawancin inda ya taka yana ƙarƙashin yatsuna. Da wannan darasin ne na uku a memorin, da ɗan ƙauye irina ya fara jin daɗin jitarsa tun a makon farko, sannan a ce masa ga sauti biyu da za ka ƙara ka sami mai bakwai.

Akwai wani dattijo mai garaya a garinmu, ya daina zuwa biki amma hannunsa yana nan. Wata rana bayan la'asar na ɗauki jitar na je gaishe shi.

"Baba, ina wuni. Abu na kawo ka ji min."

Ya saurara, kansa a sunkuye. Da na gama ya ce, "Ɗana, wannan ai hanyarmu ce, wa ya nuna maka?" Na ce wani ne a Kano, ta cikin waya. Ya yi dariya, ya sa aka miƙo masa garayar. Muka saita tushe ɗaya, yana ja ina bi. Muna cikin tafiya sai ya tsaya a wani sauti ya ce, "Nan fa naka bai iso ba." Na matsa gaɓa ɗaya gaba, ya ce, "Yanzu kuma ka wuce." Garaya ba ta da ƙarafa a wuya, haka gurmi da molo da kuntigi, yatsa yana sauka inda kunne ya ce. Jita kuwa an raba mata ninki gida 12 daidai wa daida, abin da ya faɗo tsakanin biyu ba shi da gurbi. Maganinsa shi ne ka danne ta ƙasan ka ture tsirkiyar gefe kaɗan har sautin ya ɗaga, ko ka zame daga wata gaɓa zuwa wata. A tsirkiyar nailan turawar ba ta ɗagawa sosai kamar ta ƙarfe, amma tana isa a rage gibin. Memorin bai ce komai a kan wannan ba, alhali da Hausa aka yi shi, don mutanen da kunnensu ya saba da goge da garaya.

Wani gibin shi ne hannun dama. Kusan duk darasin na hagu ne. Mutum zai gama ya san inda kowane sauti yake, amma bai san yadda zai zaunar da su a kan kalangu ko tafi ba. Kiɗanmu kuwa a nan ransa yake. Ni dai sai ƙanena nake sa wa ya riƙa buga min bayan ƙwarya ina bi. Haka kuma bai yi maganar hunturu ba. Iskar tana busar da katako, wuyan ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, saiti kuma ya ƙi zama. Ɗan soso mai danshi a cikin leda mai huji, a ajiye a jakar jitar, yana taimakawa, kuma kada a jingine ta a bangon da rana ke duka. Minti biyu ya ishe shi ya faɗi wannan.

Ɗaukar bidiyon ba laifi, murya tana fita tas, sai dai wani lokaci hannunsa yana rufe gaɓar da yake nunawa, sai ka dogara da lambar da ya ambata.

Batun WhatsApp, gyaransa yana da amfani in ya zo. Na tura masa hawa da saukar tsani, ya amsa da cewa, "Malam, ƙaramin yatsanka yana gudun gaɓa ta 8, kana aika na kusa da shi. Ka bar shi ya yi aikinsa ko da zai yi kuka." Daga sauti kawai ya gano, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce jira. Wani saƙon a wuni ya amsa, wani sai ka manta ka tura. Da alama shi kaɗai ne kuma ɗalibai sun yi masa yawa, ya kamata ya faɗi ranakun da yake sauraro mutum ya san inda ya tsaya.

Kuɗin bai fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a ba, kuma ni ban yi da-na-sanin biya ba. Wanda bai taɓa riƙe jita ba, wannan ba nasa ba ne tukuna, ya fara koyon saiti da danna tsirkiya har kan yatsunsa su yi kanta. Wanda kuma ya iya 'yan kod ya maƙale a gaɓoɓin farko, ya saya, amma kada ya bi jerin yadda aka tsara. Ya kalli na awo da tef, ya yi na tazara da na tsirkiyar B, daga nan ya tsallaka kai tsaye zuwa mai hawa biyar da ke ƙarshe, ya zauna a kansa har ya iya ɗaga siffar daga gaɓa ta 5 ya kai ta ko'ina ba tare da ya duba ba. Mai hawa bakwai ya jira sai bayan nan, sitikar kuma a bar ta cikin ledarta.